Mamaci Ya Buɗe Fayil

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma sha biyu saura

Ya dawo gida da hantsi. Ina kwance a doguwar kujera da littafi a ƙirji na ji motsin ƙofa, har na zaci ɓarawo ne, don tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa shigowa kafin la'asar ba. Babu jakar kwamfuta a kafaɗarsa. Babu katin nan mai shuɗiyar igiya da yake ratayawa. Wuyan nasa na tsaya kallo, fayau, kamar an kwance masa wani abu.

Na ce, "Yallaɓai, lafiya?"

Ya ce, "Auta, ba ni ruwa."

Ya shanye, ya ci gaba da riƙe kofin. Can ya ce, "An ce in zauna a gida sai an gama bincike. Wai mamaci ya buɗe fayil."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, na ɗauka zolayarsa ce ta kullum. Sai ya ce, "Asusun Dogo."

Dogo shi ne Yayana. Wata takwas ke nan da rasuwarsa.

Yanzu yana ɗaki, ya turo ƙofa. 

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta aikinsa yadda ya taɓa fahimtar da ni, ko kunnena zai daina ƙara.

Ma'aikatan kamfaninsu sun haura ɗari shida. Akwai wani babban kundi a cikin na'ura, kowa da sunansa a ciki. Sunan nan shi ake kira asusu, da shi mutum ke shiga kwamfuta. In an ɗauki sabon ma'aikaci, mijina ne ke buɗe masa asusu, ya ba shi kalmar sirri, ya saka shi a rukunin da ya dace. Rukunin da kake ciki shi ke faɗin foldar da za ta buɗe maka: direbobi da tasu, 'yan sito da tasu, ofishin kula da ma'aikata da tasu. In mutum ya bar aiki ko ya rasu, takarda ke zuwa. A ranar za a kulle asusun, a cire shi daga kowane rukuni, bayan kwana talatin a goge.

Shekara biyar yana wannan aikin. Ya taɓa ce mini, "Sana'armu ba ilimi ba ce, Auta, amana ce. Ranar da aka ce mai makulli ya leƙa ɗakin wani, ya gama aiki a ko'ina."

Wata mata da ke aiki a sito ce ta kai ƙara. Ta rubuta wa ofishin kula da ma'aikata wasiƙar sirri tana neman a mayar da ita wani reshe, sai ta ji maganar cikin wasiƙar a bakin mutanen gari. Aka duba wa ya buɗe fayil ɗin. Mutum uku: shugabar ofishin, da sakatarenta, da Yaya.

Ban dafa komai ba. Shayi muka sha.

Laraba, 5, ƙarfe tara na safe

Ya tashi, ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya ɗaura agogo, sannan ya zauna a bakin gado.

Alhamis, 6, bayan azahar

Ni na roƙe shi. Wannan dai zan iya rubutawa.

Yaya a ofishin kula da ma'aikata yake aiki, kuma shi ne aminin mijina, shi ya haɗa mu ma. Sati guda da rasuwar, Yallaɓai ya dawo da takardar kulle asusunsa a aljihu, ya kasa sa hannu. Ya ce in ina so zai kwashe mini hotuna da abubuwan Yaya a filashi, doka ta yarda da haka. Na ce ni ba kwafi nake so ba. Na riƙe masa riga ina kuka, na ce, "Kada ka goge shi. Sun binne shi sau ɗaya, kada ka zama na biyu."

Ina tuna har a lokacin, cikin kukan, wani ɓangare na zuciyata ya ji maganar ta yi kyau, irin wadda ake rufe babi da ita. Allah ya yafe mini.

Ya sa hannu cewa ya kulle, alhali bai kulle ba. Ya ɗauke sunan daga jerin ma'aikata, ya ɓoye shi can cikin jerin na'urorin buga takarda, inda ba mai leƙawa. Na ce masa Yaya zai yi fushi, mutumin da kullum yake dukan firinta da tafin hannu. Ranar muka fara dariya bayan rasuwar.

Ya haɗa mini tsohuwar kwamfutar nan ta falo, ya rubuta mini kalmar sirri a bayan kalanda. Ya ce duk asusun da ya yi kwana sittin ba a shiga ba, na'ura da kanta take kulle shi, don haka in riƙa leƙawa ko sau ɗaya a wata.

Sau ɗaya a wata.

In na shiga, sunan Yaya ne ke fitowa a sama, da ƙaramin hotonsa, wanda ya runtse ido ɗaya.

Juma'a, 7, ƙarfe biyar na yamma

Tun safe yake zane a bayan ambulan. Da'ira cikin da'ira, kibiyoyi. Yana ta cewa ba zai yiwu ba, shi da hannunsa ya cire Dogo daga rukunin ofishinsu, foldarsa kawai ya bari.

Wajen la'asar ya buga tebur har cokali ya faɗi.

"Kwamitin horo!"

Ashe Yaya yana cikin wani ɗan rukuni na mutum huɗu, na kwamitin horar da sababbin ma'aikata. Shekarun baya wani ya ɗauki ɗan rukunin nan sukutum ya saka shi cikin babban rukunin ofishin, don rage wa kansa aiki. Yallaɓai ya rufe ƙofar gaba, ta baya tana nan a wangale.

Ya ce, "Rukuni cikin rukuni. Abin da nake koya wa sababbin zuwa a satin farko, Auta. Ni!"

Sai ya juyo ya ce, "Wani ne ya saci kalmar sirrin. Kin taɓa ba wani? Ko kin shiga daga wata kwamfutar?"

Na ce a'a. Gaskiya ce kuwa, ban taɓa ba kowa ba.

Ya ce, "Na sani. Yi haƙuri da na tambaya."

Shi ke ba ni haƙuri.

Asabar, 8, da safe

Ya kamata in karɓo rigata wurin tela tun ranar Laraba. Na je har kwanar shagon, na hango bencin nan da labulen, na bi ta bayan kantin magani na dawo gida.

Na ɗauko littafi na kasa wuce shafi ɗaya. Ni da nake cinye biyu a rana.

Litinin, 10, ƙarfe uku

An kira shi ofis da safe. Ya dawo ɗazu.

Na'urar tana ajiye sawun kowa. Wa ya shiga, daga ina, ƙarfe nawa, me ya buɗe. Na san da haka, ya sha gaya mini. Ban san me ya sa na ɗauka kamar ni ba za ta gan ni ba.

Ya tsaya a tsakiyar falo yana kallon kwamfutar. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Arba'in da bakwai."

Na miƙe tsaye.

"Fayil arba'in da bakwai, cikin wata biyar. Duk daga nan. Duk da hantsi."

Na jira. A littafi nan ne miji zai daka tsawa, ya fasa wani abu, ya figi mota ya bar gidan. Na shirya wa wannan. Har na zaɓi inda zan durƙusa.

Ya cire takalmi, ya shiga kicin, ya wanke kofunan da na bari tun safe. Ina jin ƙarar famfo. Da ya fito ya ce, "Gas ya kusa ƙarewa."

Talata, 11, da safe

Bai tambaye ni ba.

Talata, da yamma

Har yanzu bai tambaye ni ba.

Laraba, 12, ƙarfe biyu

Umma ta zo ba sanarwa. Ta tarar da shi a gida, ya ce mata hutu ya ɗauka. Ta sa masa albarka, ta ce ai gara, mutum ba inji ba ne.

Da ya fita ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga.

"Auta, kin rame."

"Zazzaɓi ne, Umma."

"Wane irin zazzaɓi? Mai wata tara?"

Na ce a'a. Ta ce, "Uhm. Ni kika raina." Ta tafi tana murmushi, har da hana ni ɗaga bokiti.

Kafin ta tafi ta ce in kunna mata muryar Yaya, wadda yake karanta jawabin da ya shirya na ranar bikina, yana gyarawa yana tsaki. Duk zuwanta sai ta saurara. Na ce kwamfutar ta lalace. Ta ce, "To ga mai gyara a gida, me ake jira?"

Ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Juma'a, 14, ƙarfe goma sha ɗaya

Anti Gilashi ta zo ɗaukar kwamfutar. Ita ce abokiyar aikinsa, su biyu ke riƙe da kundin, ta girme shi da shekara goma sha wani abu. Shi ya fita, ina jin da gangan.

Ta zauna ta cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana naɗewa. Ta ce, "Amarya, ba shayi a gidan nan?"

Na kawo. Ta kurɓa, ta dube ni ta saman gilashin.

"Kin san abin da mutumin naki ya rubuta wa kwamitin bincike?"

Na girgiza kai.

"Ya ce shi ne. Wai daga ofis yake haɗawa da kwamfutar gida, ya shiga da sunan marigayi, ya karanta fayilolin mutane. Duka arba'in da bakwai. Ya ce shi ya fitar da maganar matar sito."



Ta ce, "Ranar da aka buɗe wasiƙar nan, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, muna ƙarƙashin tebur ni da shi muna ja da waya. Na ga hannayensa biyu. Amma ya ce in na buɗe baki ba ni ba shi."

Na ce, "Anti, me za a yi masa?"

"Laifi biyu ne, amarya. Barin asusun mamaci da sa hannun ƙarya, wannan nasa ne, ba mai ɗauke masa. Sakaci ne, ana iya jan kunne a rage masa matsayi. Amma mai makulli ya karanta sirrin mutane ya yaɗa? Kora ce, da takarda mai bin sa duk inda ya je. Ko shagon buga takardu ba za su ba shi riƙon kwamfuta ba."

Ta ɗauki kwamfutar ta rungume kamar jariri. A bakin ƙofa ta ce, "Kwamiti zai zauna Talata, ƙarfe goma, hawa na biyu. Ni dai ban ce komai ba. Shayinki ya yi sukari da yawa."

Wurin da kwamfutar take ya bar murabba'i mai tsabta a kan tebur, ƙura ta kewaye shi.

Asabar, 15, bayan la'asar

Na same shi yana gyara fankar da ba abin da ya same ta.

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Miƙo mini sukudireba."

"Yallaɓai, na ce ni ce."

"Na ji. Ai ba kurma ba ne ni."

"To me ya sa ka ce kai ne?"

Ya ajiye fankar. Ya ce, "Wa ya ba ki kalmar sirri? Wa ya bar ƙofa a buɗe? In ka ajiye zuma a gaban yaro..."

Na ce, "Ni ba yarinya ba ce."

Sai a lokacin ya kalle ni, karo na farko tun Litinin. Da ma bai kalla ba.

Ya ce, "A'a. Ba yarinya ba ce ke. Shi ya sa na kasa ganewa. Arba'in da bakwai, Auta. Na farko na yarda kuskure ne. Na biyu fa? In dawo kullum ki tarbe ni, ki tambaye ni ya su wane, ya su wance, ni ina murna matata ta damu da mutanen wurin aikina."

Na ce zan je gaban kwamiti. Ya ce ba zan je ba. Ya ce Dogo ya ba shi amanata, ba zai bari a zaunar da ni gaban baƙi ana yi mini tambayoyi kamar ɓarauniya ba, sannan magana ta kai kunnen Umma.

Na ce, "Ka fi so ka zauna a gida har abada kana gyara fanka?"

Ya ce, "Ban yarda ki je ba." Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba.

Lahadi, 16, da hantsi

To bari in rubuta, tun da ba wanda zai tambaye ni.

Wata uku na farko foldar Yaya kaɗai nake buɗewa. Hotuna, muryarsa, jerin littattafan da ya ce zai saya mini in na daina karanta "shirme". Har na haddace komai. Wata rana na ga wata folda a gefe, na zaci tasa ce. Na danna.

Takardar wani direba ce, yana neman hutun kwana uku, mahaifiyarsa ta daina gane shi. Layi shida kacal. Na karanta sau uku.

Na rufe. Na yi istigfari. Washegari na koma.

Ban san yadda zan faɗa ba. Shekara goma ina karanta labaran da wani ya zauna ya ƙirƙira, sai ga waɗanda ba a ƙirƙira ba. Ba ado, ba jaruma mai dogon gashi. Mai neman afuwa, mai kai ƙarar shugabansa, mai roƙon kada a gaya wa matarsa. Ban taɓa jin sata nake yi ba. Ji nake kamar ina tausaya musu. Har addu'a nake yi musu da suna.

Ta matar sito shafi huɗu ce. Abin da ke ciki ba zan rubuta ba. Na riga na faɗa sau ɗaya.

A shagon tela ne, ana auna ni, ana hirar littattafai. Na ce na karanta wani sabo mai ratsa zuciya. Ban faɗi suna ba, ban faɗi gari ba. Amma akwai wata jimla a shafi na uku da ta tsaya mini a rai, na faɗe ta kamar yadda take, kalma ba ta canza ba. Tela ta ajiye awo ta ce, "Kai! Sake faɗa." Na sake. Na ji daɗin yadda shagon ya yi tsit.

Ban san matar sito ma a wurin telar take ɗinki ba.

Litinin, 17

Na goge masa farar riga. Na goge nawa mayafin ma, na ɓoye a ƙasan akwati.

Talata, 18, ƙarfe biyu

Na je.

Na bar shi ya fita, na ba shi minti goma, na bi bayansa a bas. Anti Gilashi ce ta sa hannu a littafin masu gadi aka bar ni na shiga. Ban taɓa ganin wurin aikinsa ba. A raina ɗaki ne mai fitilu kore da shuɗi. Ashe bene ne mai warin fenti, da tulun ruwan sha a kan kwana.

Mutum uku ne a bayan tebur: ogan sashensu, da shugabar ofishin kula da ma'aikata, da lauyan kamfani. Yallaɓai yana zaune shi kaɗai a gefe guda. Da ya gan ni ya miƙe tsaye.

Oga ya ce, "Madam, zama muke yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, saboda zaman na zo. Ni na buɗe fayilolin."

Yallaɓai ya ce, "Ba ta da lafiya, Oga."

Lauya ya ce, "In ke ce, gaya mana wanda aka fara buɗewa."

Na faɗa. Ya duba takardarsa. Ya ce na biyu fa. Na faɗa. Na kai na tara kafin shugabar ofishin ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa! Don Allah ya isa, kada ki ƙara kiran sunan kowa."

Lauya ya juya wajen mijina ya ce, "Kai da ka ce kai ne, faɗi na goma."

Shiru.

Oga ya ce, "Wa ya sa ki? Wa kike kai wa?"

"Ba kowa."

"To me kike nema a ciki?"

Na ce, "Karatu kawai."

Lauya ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya daina. Shugabar ofishin ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ke ce ƙanwar Dogo ko? Kullum hotonki na kan teburinsa. Mutumin da ko sunan mai fayil ba ya faɗa da ƙarfi."

Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, wannan ne ya shige ni.

Mun dawo a bas ɗaya. Ya biya wa mutum biyu, ya zauna a kujerar gaba.

Alhamis, 20, da safe

Yana gaishe ni. Yana cin abin da na dafa. Yana cewa an gode.

Juma'a, 21, ƙarfe huɗu

Anti Gilashi ta bugo jiya, ta ce mai wasiƙar tana son ganin fuskata.

Sito yana bayan ginin, dogon ɗaki mai kantoci har rufi. Na same ta tana manne kwali da salatif. Na yi wata biyu ina zana ta a raina, doguwa, mai idanu masu ruwa. Gajeriya ce, mai ƙiba kaɗan, da biro a soke cikin ɗankwali.

Ta ce, "Ke ce?"

"Ni ce."

"Ashe ma yarinya ce." Ta ja salatif, ƙiiii, ta yanke da haƙori. "Sau shida na rubuta wasiƙar nan ina yagawa. Ta yi daɗi?"

Na dubi ƙasa.

"Tambayarki nake. Tela ta ce kin ce har kuka kika yi. Ta yi daɗi?"

Na ce, "Anti, ki yafe mini."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta zauna a kan kwalin. Ta ce ranar ta je gwajin riga, tela na durƙushe tana kafa mata allura a gefen zane, sai telar ta ce bari in ba ku labarin wani littafi. Ta ji maganarta, tata ta kanta, tana fitowa daga bakin da ke cike da allurai.

"Ƙanwar mijina na zaune a benci. Ita ce ma ta rako ni. Ta dube ni, na dube ta. Kafin magariba labari ya riga ni isa gida. Wata biyu ya rage in tafi salin alin da 'ya'yana, ba wanda ya sani. Kin san yadda na kwana ranar?"

Na ce a'a.

"To wannan babu shi a fayil."

Na durƙusa. Ta ce in tashi, ƙasan akwai ƙura. Ta ce an amince da canjin, jibi za ta wuce, yaran suna wurin yayarta tun satin jiya.

"Yafiya ba yau ba. Wataƙila ba bana ba. Amma na gaya wa kwamiti ban nemi a kori kowa ba. Ba don ke ba. Shekara huɗu ina manta kalmar sirri, mijinki na sake mini, ko tsaki bai taɓa yi ba."

Na juya zan tafi ta ce, "Riƙe mini nan." Na danne bakin kwalin da hannu biyu, ta manne.

Litinin, 24, ƙarfe ɗaya

Takarda ta fito. Ba a kore shi ba. Gargaɗin ƙarshe, an karɓe duk ikonsa na kundi, an mayar da shi teburin karɓar koke a hawa na ƙasa, inda ya fara shekara bakwai da suka wuce. Za a rubuta wa mutum arba'in da shida a sanar da su an buɗe fayilolinsu.

Na ce alhamdulillahi. Ya ce alhamdulillahi.

Sakin layi na ƙarshe ya ce za a goge asusun marigayi ranar Laraba, da duk abin da ke ciki. Ya nemi a ba iyali hotuna da muryar. An ce bayan abin da ya faru, ba abin da zai fita daga asusun nan.

Wata takwas yana hannuna. Ko hoto ɗaya ban kwafa ba.

Talata, 25, da yamma

Na je na gaya wa Umma. Duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Muryar ma?" Na ce ita ma. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Laraba, 26, bayan magariba

Yau ya koma aiki. Ya dawo da sabon kati, igiyar ruwan toka. Na karɓi jakarsa na ce ya aiki. Ya ce ya cire takarda daga firinta sau tara.

Bai wuce ɗaki ba. Ya zauna a doguwar kujera, ya bar wuri a gefensa. Na zauna.

Ya ce Anti Gilashi ta kira shi da ƙarfe uku ta ce ya hau sama in yana so ya tsaya a wurin goge asusun. Bai hau ba. Da ƙarfe uku da rabi ya buɗe inda ake neman sunayen ma'aikata, ya buga harafin farko na sunan Yaya, da na biyu, da na uku. Mutum biyu suka fito, ba shi a ciki.

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ranar jana'iza shi ya riƙe kowa, ban ga hawayensa ba. Yau na gani. Ban taɓa shi ba, ban san ko an yarda ba.

Da ya lafa ya ce, "Me ke cikin foldar tasa?"

Na ce, "Ba ka sani ba?"

"Ban taɓa buɗewa ba. Ba tawa ba ce."

Wata takwas. Makulli a hannunsa.

Ya ce, "Gaya mini. Ke ce mai haddacewa."

 Na ce, "Wannan ina da ikon faɗa?"

Ya yi ɗan tunani, da gaske, kamar yadda yake yi in an kawo masa takarda. Ya ce, "Yayanki ne. Faɗi."

Na fara da hoton da suke su biyu a kan babur, Yaya na tuƙi, shi yana baya ya ƙanƙame shi ya rufe ido.

Ya ce, "Ƙarya ne, ban rufe ido ba."

Na ce, "Ka rufe, Yallaɓai."

Ya ce, "Iska ce. Ci gaba."